Shekara Uku Ina Yi wa Damisa Dakon Ƙanƙara

Sunana Na'ibi, amma duk unguwar Sa'alaba ta Jidda da Abu Nimir aka san ni. Nimir ita ce damisa da Larabci. Baƙo in ya ji sunan sai ya ɗauka wani ƙato zai gani mai tabon farata a ƙirji, sai kuma a nuna masa ni. Ga yadda aka yi na samo shi.

A Mai Wurno aka haife ni, a ƙasar Sudan. Mahaifina ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya yada zango a can don ya huta kwana biyu, kwana biyun suka zama shekara arba'in. Ɗinkin hula ne sana'arsa. Abu mafi girma da ya taɓa yankawa a rayuwarsa zakara ne, shi ma sai da maƙwabci ya riƙe masa ƙafafu. Ni na ƙarasa masa tafiyar. A 1956 na hau jirgin ruwa daga Sawakin na sauka Jidda, na yi hajji, sannan na ce bari in huta kwana biyu. Gado ba ƙarya ba ne.

Da dakon ruwa na fara, garwa biyu a sanda, ina hawa benayen tsohon gari har kafaɗata ta yi kanta. Daga nan na samu shiga gidan ƙanƙara da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Muna fito da ita dogaye-dogaye, mu naɗe da buhu da garin katako, mu kai wa masu kifi da masu gahawa kafin rana ta shanye ta. Shekara takwas na yi a nan. A cikinsu na auri Mastura, haifaffiyar Jidda, wadda in ta fara magana da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci, musamman in faɗa take yi mini. Da muka haifi 'yarmu Jamila, sai ta koma kirana Abu Jamila.

Ba na shan taba, ba na caca. Ciwona ɗaya ne, baki. Bayan la'asar mukan zauna a gahawa, wato shagon shan gahawa, kan dogayen kujerun igiya, kowa yana tuna garinsu. Yamalawa su yi ta kurin duwatsunsu, mutanen Halaramautu su yi ta kurin kakanninsu. Ni ban ga dalilin da zan zauna hannu rabbana ba, sai na ƙirƙiro wa kaina kaka. Na ce sarkin baka ne, damisa yake kamawa da wutsiya. Farko damisa ɗaya ce. Kafin shekara ta zagayo sun zama bakwai, ni kuma ina ƙarami nake riƙe masa kwari da baka. Alhali a gidana in ɓera ya shigo, Mastura ce ke binsa da muciya, ni ina ba da umarni daga kan gado.

Wata ranar Talata a 1967 wani mutum ya same ni ina loda ƙanƙara. Saleh sunansa, direban Shaikh Hamad, wani attajiri mai shigo da shinkafa da kayan gini. Yana cikin masu sauraron labarina a gahawa.

"Ya Na'ibi, Allah Ya kashe ya ba ka," in ji shi. "Shaikh ya sayo nimir daga ƙasar Turawa, jibi jirginta zai iso. Yana neman wanda ya san halinsu. Na ce masa ai muna da jikan sarkin maharba."

Na ce, "Ai... an daɗe. Hannuna ya kwanta."

"Jini ba ya kwanciya. Yalla, yana jiranka."

Da na faɗa wa Mastura, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Abu Jamila, kai fa jiya agwagwar maƙwabta ta koro ka."

"Ba kora ba ce. Sauri nake yi."

"Halas, shi ke nan. Je ka. Baki shi ke yanka wuya."

Na so in je in ce ƙarya nake yi. Amma Shaikh ya yi alkawarin zama kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, ya gyara mini iƙama, takardar zaman ƙasa, ga kuma 'yan gahawa da za su yi mini dariya har in mutu. Na auna dariya da damisa, na ga kamar damisa za ta fi sauƙi, domin ita ban taɓa ganinta ba.

A tashar jirgi aka sauko da wani akwatin katako mai ƙarafa, girmansa ya kai ɗan ɗaki. Wani ma'aikaci ya miƙo takardunta, dami guda, da hatimi kala-kala. Ni da na shekara goma sha ɗaya a garin ba ni da rabinsu. Shaikh Hamad ya ce in leƙa in gaya masa ko lafiyarta ƙalau. Na kara ido a wata kafa. Duhu, sai wari mai kauri. Can sai duhun ya buɗe ido biyu, ya yi wani gurnani da ban ji shi a kunne ba, a hanji na ji shi. Ban san lokacin da na hau kan motar ɗaukar kaya ba. Takalmina ɗaya har yau yana tashar. Na leƙo daga sama na ce, "Lafiyarta ƙalau, ya Shaikh. Daga nan ake duba su."

Sai da aka sake ta a kejin da aka gina mata a lambun Shaikh, a hanyar Makka, na gan ta sosai. Ba damisar da muka sani mai ɗigo-ɗigo ba ce. Wannan ratsi gare ta, baƙi-baƙi a kan ja mai haske, cikinta da haɓarta fari fat. Kanta ya kai turmi. In ta miƙe tsaye ta dafa ƙarfe, sai ka ɗaga kai kafin ka ga fuskarta. Gashinta kuwa, kamar an lulluɓa mata bargo biyu.

Watan Mayu ne. Wanda ya san Jidda ya san iskar lokacin, wadda kake shaƙa kamar tururin tukunya. Kwana uku ta daina cin nama. Ta kwanta a kan siminti, harshe waje, haƙarƙari yana sama yana ƙasa, gashi yana zuba dunƙule-dunƙule. Ni kuma na shiga aikin jikan sarkin baka. Na yi mata hayaƙin habbatussauda. Na ɗaura laya a jikin ƙarfe, da doguwar sanda. Na tsaya taku goma na yi mata kirari, damisa ƙi sabo. Ko kunne ba ta kaɗa ba.

Rana ta shida Shaikh ya zo ya tsaya, ransa a ɓace. "Ya Na'ibi, kakanka me yake yi in nimir ta ƙi cin abinci?"

Na ce, "Allah Ya ja kwana, kakana kashe su yake yi, ba ya ciyar da su."

Mastura ce ta cece mu, ni da damisar baki ɗaya. A bakin layinmu akwai wani tsoho mai gasa gurasar tamis, Abdulghaffar. Kowa Bukhari yake ce masa, shi kuwa ya ce ko a mafarki bai taɓa ganin Bukhara ba. A can ƙuryar gabas aka haife shi, arewa da ƙasar Sin, inda mahaifinsa ya yi aikin hanyar jirgin ƙasa, shi kuma da ƙuruciya ya bi masu saran katako cikin daji. Yaƙi ne ya watso su. Ni shekara biyar ina sayen gurasarsa ban san wannan ba, domin ban taɓa yin shiru na bar shi ya yi magana ba. Mastura ta ji a wurin matarsa, ta je ta roƙe shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka je tare. Ya daɗe tsaye a gaban kejin. Ya yi mata wata magana a hankali da yaren da ban taɓa ji ba. Sannan ya juyo.

"Ya Hajji, ba ciwo take yi ba. Dafa ta kuke yi."

"Kamar yaya, Ammi?" Haka ake ce wa baffa da Larabci.

"Wannan ta dajin arewa ce. A ƙasarsu wata biyar ƙasa fara ce da dusar ƙanƙara. Kogi yana daskarewa har doki ya ja kaya a kansa. Ka ga gashin nan? A ƙarƙashin cikinta kuma akwai kitse mai kaurin yatsa uku. Allah Ya yi ta don ta kwanta a kan ƙanƙara ta yi barci, ku kuma kun sa ta ƙarƙashin kwano." Ya dubi layata, ya kau da kai. "An ce a gidan ƙanƙara kake aiki a da?"

"Shekara takwas."

"To me kake jira?"

Kwana tara ina ta faman zama maharbi, ashe ɗan dakon ƙanƙara ake nema.

Aka cire rufin kwano aka sa ganyen dabino. Aka buɗe bangon arewa don iskar teku ta riƙa shiga. Aka gina mata kwarmin wanka da siminti mai zurfin ƙirji. Ni kuma na koma wurin tsoffin abokan aikina, ina ɗauko dogayen ƙanƙara guda shida da safe, guda shida da azahar, a naɗe yadda ko ɗigo ba ya zuba a hanya. Ranar farko da na tura su cikin ruwan, ta taso da kyar, ta shinshina, ta sa hannu ɗaya, sai ta shige har wuya ta lumshe ido. Ta rungumo guda ɗaya tana lasa. Kwana biyu bayan haka ta cinye cinyar raƙumi. Shaikh ya rungume ni a gaban mutane ya ce, "Abu Nimir!" Abdulghaffar yana gefe yana kaɗe garin fulawa daga rigarsa.

Daga nan kowace Juma'a yakan zo ya kifa bokiti ya zauna yana kallonta, ni ina yi masa tambayoyin wauta.

"Ammi, garkensu yakan kai nawa?"

"Ba su da garke. Kowace ita kaɗai take. Mace ɗaya, dajin da take riƙe da shi sai ka kwana biyu kana tafiya ba ka fita ba. Namiji kuma nasa ya haɗe na mata biyu ko uku. Abinci ne ba yawa a can, dole gona ta yi faɗi."

"Me suke ci?"

"Wata irin barewa mai ƙaho kamar reshen bishiya. Da aladen daji, shi suka fi so."

Na ce a'uzubillahi, na dubi baƙuwar tamu da wani ido. Ya yi dariya ya ce ba a ɗora mata shari'a ba. Ya ce akwai wasu dogayen bishiyoyi masu 'ya'ya kamar gyaɗa, shekarar da suka yi 'ya'ya aladu su yi ƙiba, damisa ta ƙoshi. Shekarar da ba su yi ba, sai ta sauko ƙauye ta ɗauki karnuka. Ya ce ba ta iya dogon gudu, sanɗa take yi, kuma sau da yawa tana kuskure, ta yi kwanaki da yunwa. In ta samu kuwa, ta ja shi cikin duhuwa ta zauna a kansa har sai ƙashi. Tana haihuwar biyu ko uku a kogon dutse, makafi, su bi ta kusan shekara biyu suna koyon farauta, kuma ba duka ke kai labari ba.

"Kai ka taɓa ganinta a dajin?"

"Shekara shida, sau ɗaya, ita ma wutsiya. Sawu dai kullum. Wata safiya mun dawo ta hanyar da muka bi, sai ga sawunta a cikin namu. Tun fitarmu tana bayanmu tana kallo. Mutanen dajin ba sa kiran sunanta, sai su ce tsohuwa ta wuce."

Wata rana na zo da ƙanƙara sai ta matso jikin ƙarfe ta yi wani huci ta hanci, fur-fur-fur. Na yar da kayan na yi waje. Da na ba Abdulghaffar labari ya ce, "Gaishe ka ta yi. Wanda suka yarda da shi suke yi wa haka." Na yi kwana uku ina tafiya kamar hakimi. A rana ta huɗu ta juya mini baya, ta ɗaga wutsiya, ta feso mini fitsari tun daga hula har gwiwa. Ya ce haka suke yi wa bishiyoyin kan iyakarsu, don a san da mai su. Wato a wurinta matsayina bai wuce na kututture ba. Mastura ta hana ni shiga ɗaki sai da na yi wanka uku.

Kejin ɗaki biyu ne da ƙofar ƙarfe a tsakani. In zan share ɗaya, sai in jefa nama a ɗayan, ta shiga, in sake ƙofar in sa sakata. A shekara ta biyu, wata safiya, ina ba mai ban ruwan lambu labarin damisa ta takwas da kakana ya kama, na shiga da tsintsiya ban sa sakatar ba. Ina cikin shara na ga mutumin ya buɗe baki ya kasa rufewa. Na waiwaya. Tana tsaye taku uku daga inda nake.

Abdulghaffar ya sha gaya mini: kada ka gudu, kada ka ba ta baya, kada ka durƙusa. Mutane sun ce na bi wannan duka saboda sanin aiki. Gaskiyar ita ce ƙafafuna ne suka ƙi motsi. Na nemi Ayatul Kursiyyu na rasa. Addu'ar da ta zo bakina ita ce ta fara cin abinci, ni da nake abincin. Ta matso. Na ji gashin bakinta a bayan hannuna, kauri kamar tsinken tsintsiya. Ta shinshina gwiwata, ta yi fur-fur ɗin nan, ta karɓe tsintsiyar daga hannuna da baki, ta karya sandar gida biyu kamar rake, ta tafi da ita cikin ruwa. Da baya da baya na fita.

Kafin magariba labari ya kai gahawa cewa Abu Nimir ya shiga keji ya ƙwace sanda a bakin nimir. Ban ce haka aka yi ba, ban kuma ce ba haka aka yi ba. Mastura ce kawai, da take wanke wandon, ta tambaye ni, "Abu Jamila, ruwan kwarmin ne ya jiƙa shi?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ajib. Ta gaba kawai."

Abin da ya fara sanyaya mini jiki a watan Janairu ne. Ko da sanyin Jidda bai kai a kira shi sanyi ba, gashinta yakan ƙara kauri, jikinta yana shirin hunturun da ba zai zo ba. Sai ta kama zagaye kejin tana wani kuka mai tsawo, a-uuun, a-uuun, ta tsaya ta kasa kunne, ta sake. Na tambayi Abdulghaffar ko yunwa ce.

"Namiji take kira," in ji shi. "A can, cikin sanyi, kukan nan yana tsallake kwari biyu. Wani zai ji ya amsa."

Muka kasa kunne. Abin da ya amsa mata jakin mai kananzir ne daga bakin titi. Na so in yi dariya, sai na ga tsohon yana share ido da gefen rawaninsa. Shekara ashirin ke nan rabonsa da jin labarin 'yan'uwansa.

Zafin shekara ta uku ya fi ƙarfin ƙanƙarata. Ta rame, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tafin ƙafarta ya tsattsage. Wani likitan dabbobi Bamisre ya duba ta ya ce ba za ta ga ƙarshen wani zafin ba. Abdulghaffar ya ce a roƙi Shaikh ya mayar da ita ƙasar sanyi. Daji dai ya wuce ta, domin a hannun mutane ta girma, ba ta iya farauta ba, amma akwai gidajen namun daji a arewa inda dusar ƙanƙara ke sauka.

Wa ya ƙi? Ni. Na ce likitan bai san aikinsa ba, na ce zan ƙara ƙanƙara. Gaskiya kuwa tsoro nake ji in ta tafi in koma Na'ibi mai buhu a kafaɗa. Mastura ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato ita ta mutu don a ci gaba da ba ka kujerar gaba a gahawa. Haram alaik."

Kwana biyu ban yi mata magana ba, wanda a wurina babban aiki ne. Rana ta uku na je ofishin Shaikh Hamad na ce a mayar da ita. Tun da na buɗe baki kuma sai na zarce, na ce ba ni da wani kaka maharbi, ubana mai ɗinkin hula ne.

Ya yi dariya har da buga tebur. "Ya Abu Nimir, ai tun ranar da ka duba lafiyarta daga kan mota na sani. Amma ka raya mini ita shekara uku. Maharbi da tuni ya kashe ta."

A watan Maris na 1970 aka sa ta a akwati. Ni na jera ƙanƙara a rufinsa da gefunansa, na naɗe da buhu, na zauna a bayan mota har tasha. Da ƙugiya ta ɗaga akwatin sama na kira ta, na yi mata fur-fur da bakina a gaban 'yan dako. Ba ta amsa ba. Ta kafar katako na hango ta, hankalinta yana kan ƙanƙarar da ke ɗiga. Na yi kuka duk da haka, na ce wa Saleh gishirin teku ne.

Bayan shekara guda wasiƙa ta zo wa Shaikh daga gidan namun dajin da ya karɓe ta, can arewacin ƙasar Turai. An haɗa ta da namiji, ta haifi biyu. Na kai wa Abdulghaffar labari a bakin tanderunsa. Ranar duk wanda ya zo sayen tamis kyauta ya tafi da ita. Ya rasu a 1974, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ni kuma da aka buɗe Madinar Masana'antu na samu aiki a wani ɗakin sanyi na ajiyar nama, inda nake har yanzu, da rigar sanyi biyu da mura da ba ta warkewa. Labarin kakana na daina. Na damisa nake bayarwa, kuma ina ƙoƙarin tsayawa kusa da gaskiya.

Hoto ɗaya gare ni da ita. Shaikh ya taɓa kawo mai hoto, aka ce in tsaya jikin ƙarfe in dafa. Daidai lokacin da mutumin zai danna, ta yi hamma. Hoton yana rataye a ɗakinmu, a cikin gilashi. Ta fito kyakkyawa, haƙora huɗu reras. A gefen dama, can ƙasa, akwai gwiwar hannu da rabin silifa. Ni ne.